Gefen Babanku a Cikin Langa

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a tsakaninku, ku 'ya'yana, kuna tsammanin ba ta zuwa kunnena. Kuna cewa babanku ya yi kuskure da ya faɗa wa mutanen unguwa ciwonsa, wai da ya bi shawarar yayanku Babangida ya ce gyambon ciki ne, da bai ga abin da ya gani ba. Ban taɓa tanka muku ba, domin a lokacin ba na iya ambatonsa muryata ba ta karye ba. Yanzu kuwa rubutawa nake yi, ba wanda zai ji muryar. Ga yadda abin ya faru, daga bakin wadda ta tuƙa tuwon.

Tun da muka tare a Unguwar Kanawa muka tarar magidantan layinmu suna ciyayya. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, don mu ne masu dakali, kowa ya shiga gida ya fito da langarsa. A buɗe ta wannan a cinye, a jawo ta wancan. Mu mata ba ma fita, amma ba abin da yake ɓoye mana, saboda langa tana dawowa da labari. In miya ta yi daɗi za ki ga an suɗe ta har gindi, in gishiri ya zarce za ki ga an bi tuwon an bar miki miyarki. Har hannun kowa ina ganewa. Alaramma Hudu, maƙwabcinmu mai makarantar allo, babbar loma yake yanka ya bar rami. Ɗanjuma tela tsakura yake yi kamar mai jin kunya, alhali ya fi kowa daɗewa a kan langa. Babanku kuwa wuri ɗaya yake ci kullum, gefen da fentin langar ya ɓantare. In ya ajiye ta sai ya juya wannan gefen ya kalle shi, ya ce nan ne ofishinsa, ba a yi masa ritaya daga nan ba.

Shi da Alaramma, mai kiransa Akawu, kun san yadda suke. Babanku Bazazzagi, Alaramma Bakano, ba a yin loma biyu ba su tsokani juna ba. Daga tsakar gida nake jiyo su.

"Bakano, ka rage hannu mana. Langar gidanka ka kawo ta rabi, ka zo kana cin tawa da riba."

"Kai dai Akawu ci ka yi shiru. Ku Zagezagi baki ne ya cika muku ciki, shi ya sa ba ku ƙiba."

A shekarar da ta biyo bayan ajiye aikinsa ne ya fara yawan gajiya. Mutumin da yake taka ƙafa har Kawo ya dawo, sai ga shi yana hutawa tsakanin masallaci da gida. Daga baya na ga farin idonsa ya sauya. Muka je babban asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yar'uwarku Hauwa ba, amma ta zaunar da mu ta yi mana magana dalla-dalla. Ta ce ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayar cutarsa take zama a jini shekara da shekaru mutum bai sani ba, kuma ta riga ta yi wa hantarsa tabo. Ta ce akwai magani da zai riƙa sha kullum, kuma ya bar duk wani jiƙo da sassaƙe. Ta ce ni da ku duka a gwada mu, wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi. Sannan ta juya gare shi.

"Kai ma Baba akwai allurar rigakafin da za ka yi."

"'Yata, rigakafin me kuma, bayan abin ya riga ya shigo?"

"Ba na wannan ba. Wannan ya zauna, sai dai mu lallaɓa shi. Amma hantarka ta yi rauni. Ciwon da mai lafiya zai yi ya tashi, kai zai iya kayar da kai. Akwai ciwon huhu, akwai mura mai tsanani, akwai wani ciwon hantan daban da ake ɗauka ta ruwa da abinci. Su za mu tare."

Ni abin da ya fi damuna na tambaya. Na ce to kwanonsa da kofinsa fa, a ware masa? Ta ce a'a, ba a ɗaukar irin nasa ta cin abinci tare, ba a ɗauka ta gumi ko gaisawa. Jini ne hanyarsa, da auratayya, da haihuwa. Ta ce abin lura shi ne reza da aska da abin yankan farce da buroshin baki. Da ta ambaci aska na ga babanku ya ɗaga hannu ya shafa kansa.

Aka gwada mu, Allah ya sa ba wanda yake da ita, muka fara karɓar tamu allurar. Ranar da kuka taru a ɗakinsa, Babangida ya kawo shawararsa. Ba don mugunta ya kawo ta ba, ina so ku riƙe wannan. Ya san mutane, ya ga yadda aka yi wa wani a ofishinsu.

"Baba, a bar maganar nan a cikin gida. In an tambaya a ce olsa ce."

"Ka san wanzamin da yake zuwa ƙofar gidan nan ranar Juma'a?"

"Na san shi."

"Tun ba a haife ka ba yake mana aski, ni da Alaramma da Ɗanjuma da sauran, da aska ɗaya. Ya gama da wannan ya goga a tafin hannu ya kama wancan. Ban san ko ni na ba wani ba, ko wani ne ya ba ni. In na yi shiru, ranar Juma'a in miƙa kaina, in tashi Alaramma ya zauna? Da wane ido zan kalle shi a kan langa?"

Washegari da magariba babanku ya faɗa wa abokan ciyayyarsa. Ina bayan ƙyauren zaure ina ji. Ya faɗi komai yadda likita ta faɗa, har maganar aska, har cewa ba a ɗauka ta abinci. Suka yi ta addu'a, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Amma cikin duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta zauna musu, wato ana ɗauka.

Ba rana ɗaya suka janye ba, kuma ba wanda ya faɗi baƙar magana. Da farko cokula ne suka bayyana. Alaramma Hudu, wanda ya shekara talatin yana cewa cokali na marasa lafiya ne da Turawa, sai ga shi ya zaro cokali daga aljihun gaba kamar alƙalami. Babanku ya shigo yana dariya har da riƙe ciki, ya ce Amarya, yau na ga Bakano yana yaƙi da tuwon masara da cokalin shayi. Amarya yake ce mini har ya bar duniya, ko da furfura ta cika mini kai. Bayan cokula sai uzuri. Wannan ya ce likita ya hana shi cin dare, wancan ya ce yana da baƙi. Ɗanjuma ya ce ɗinki ya yi masa yawa. Alaramma kaɗai ne bai daina fitowa ba, amma sai ya zauna can bakin tabarma da langarsa a gabansa, ya ce mura yake yi, kada ya shafa wa Akawu. Murar nan ta ƙi warkewa har damina ta wuce.

Langa ta fara dawo mini da gefe ɗaya. Wajen ɓantaren fentin an ɗan taɓa, sauran tuwon yana nan sumul yadda na kwashe shi, har da shatin mara. Na rage yawan tuwon don kada abin ya yi ta yi masa gizo, sai ya ce in mayar yadda yake, ko wani zai zo. Kullum zai fita da ita da fara'a, ya dawo da fara'a, ya ce yau ma ni na ci gasar. Amma lomarsa tana raguwa. Na ce to ya zauna mu ci tare a ciki, ya gwada, ya kasa. Mutumin da ya saba ci cikin hayaniya da tsokana, tuwo ba ya wuce masa a shiru. Da muka koma asibiti likita ta ɗora shi a sikeli, ta dube ni, ta ce Mama me yake faruwa, maganin yana aiki amma mutum yana zubewa. Ta ce mai irin wannan ciwon in ya daina ci, ba abin da za ta iya yi masa. A nan na gane cewa tabarmar nan ba hira ce kawai ba. In ba ta dawo ba, zan rasa shi tun kafin ciwon ya nemi ransa.

Yaya Abu, matar Alaramma, ita ta shigo mini da rana ta same ni ina tankaɗe. Ta ce wallahi Malam ba ya cikin hayyacinsa, shi ma ba ya cin kirki. Ta ce 'ya'yansa ne suka tsorata shi, sun ce a gumi ma ana ɗauka, ko a sahu kada ya bari kafaɗarsu ta haɗu. Da na gaya wa babanku sai ya yi murmushi, irin wanda yake yi in ya shirya wa Alaramma tsiya.

"Jibi ne allurata ko? Ke ma ranar ce taki ta biyu?"

"Ranar ce."

"To Bakano ne zai kai ni. A babur ɗinsa."

Ya aika masa cewa jikinsa ba ƙarfi, yana roƙon rakiya asibiti. Ya san Alaramma zai iya guje wa langa, amma ba zai iya cewa a'a ga mara lafiyar da ya nemi rakiya ba, shi da yake karantar da hakkin maƙwabtaka. Da safe muka fito ni da Yaya Abu za mu hau keke napep, sai ga Alaramma a kan tsohon babur ɗinsa, cikin zafin nan, ya ɗaura buzunsa na salla a gadon baya, ya ɗaure shi tamau da rawani ta ƙirji. Yaya Abu ta ja mayafi ta rufe baki. Babanku ya zagaya shi sau ɗaya yana kallo.

"Alaramma, yau rago ne zai tuƙa ni?"

"Bayana ke ciwo. Hau mu tafi, kada rana ta yi."

Babanku ya hau, ya rungume shi da hannu biyu ta kan buzun, ya kwantar da kai. Muna biye da su a baya, muna ganin Alaramma yana ta matsawa gaba har ya kusa hawa tankin mai.

Abin da ba mu gaya wa Alaramma ba shi ne inda ake yin allurar. Magungunan rigakafi duk a firji ɗaya ake ajiye su, a sashen da ake yi wa jarirai. Rumfa ce cike da mata masu goyo, kuka ta ko'ina, ga dattawa biyu da farin gemu sun shigo, ɗaya da buzu a baya. Aka fara ƙus-ƙus. Ma'aikaciyar wurin, wata babbar mace mai fara'a da kowa yake kira Sista, ta ɗago kai.

"Baba, ina jaririn? Ko an bar shi a gida?"

"Ga shi a gabanki, 'yata. Ya ɗan girma ne kawai. Wannan kuma mai goyona ne, ga zanin goyon nan a bayansa."

Rumfar ta kwashe da dariya. Aka matsa musu a benci. Aka kira babanku, ya naɗe hannun riga, aka yi masa, bai ko motsa ba. Aka yi mini tawa. Ina gyara mayafi na ga Alaramma ya matsa kusa da teburin Sista yana magana ƙasa-ƙasa, amma shi Alaramma ko raɗa yake yi ana ji daga zaure.

"Baiwar Allah, tambaya gare ni. Mutum ne ya goyo mai wannan ciwon a babur, an yi gumi."

"Ba komai, Baba."

"In an ci tuwo langa ɗaya fa? Da hannu?"

"Ku ci abinku. Kuna aski wuri ɗaya?"

"Shekara da shekaru."

"To wannan ne abin dubawa. Ga ɗakin gwaji can, yanzu za a ba ka sakamako. In ba ka da shi, ka dawo in yi maka rigakafi, ka huta da tunani."

Babanku ya riga ya gaya masa duk wannan a kan tabarma, kalma da kalma. Amma daga bakin mai farin kaya sai ya shiga. Sai dai a nan wata sabuwa ta ɓullo, ashe Alaramma Hudu tsoron allura yake yi. Tun da aka haife shi ba a taɓa tsira masa ita ba. Ya fara cewa ai sai ya yi shawara, ai bai karya ba, ai ya bar ɗalibai. Sai wata mai goyo ta miƙe daga benci ta durƙusa ta gaishe shi. Tsohuwar ɗalibarsa ce, ta yi aure a Rafin Guza.

"Allah gafarta Malam, ba kai kake ce mana in an ɗaga bulala mu tsaya cak ba, mai gudu sau biyu ake yi masa? Ga jikanka nan, ko wata biyu bai yi ba, yanzu aka yi masa a cinya."

Alaramma ya dubi jaririn, ya dubi matan da suka zuba masa ido, ya dubi babanku da yake ta kallon rufin kwano kamar ba ruwansa. Ya tafi ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito ba ya da ita, ya dawo ya zauna a kujerar Sista, ya runtse ido, ya fara karatu da ƙarfi. Hannunsa na hagu yana lalube a iska, babanku ya miƙa nasa, ya damƙe. Tafin Alaramma sharkaf da gumi, na babanku ma haka. Sista ta ce an gama, shi bai ma ji ba, yana ta karatu sai da ya kai ƙarshen aya. Da za su tafi ya kwance buzun, ya miƙa wa Yaya Abu, ya ce ta riƙe, zafi ake yi.

Da yamma na tuƙa tuwon masara, na kaɗa miyar kuɓewa busasshiya, wadda Alaramma yake so. Babanku ya ɗauki langa ya fita. Na zauna a tsakar gida na kasa yin komai. Can na jiyo muryar Alaramma.

"Akawu, matso da ita nan. Hannuna na dama ciwo yake, an huda ni saboda kai, dole in rama a tuwonka."

Da langa ta dawo na kai ta gaban fitila na buɗe. Ga gefen babanku an ci sosai. Ga ramin nan na Alaramma a ɗaya gefen, da shatin yatsu. Na rufe, na shiga ɗaki na ɗan jima.

Sauran magidantan kuwa, Alaramma ne ya koro su. Ya ce shi da aka huda ba zai yarda wani ya tsira ba. Ranar allurarsa ta biyu ya tasa magidantan layinmu gaba har rumfar masu goyo, Sista tana ganinsu ta ce yau kuma 'yan biyu aka haifa mata ko 'yan bakwai. A cikinsu aka samu Ɗanjuma tela yana da ita, bai sani ba, hantarsa kuwa ba ta riga ta taɓu ba. Ya fara ganin likita tun daga lokacin. Kun gan shi ai ranar sunan 'yar Hauwa, yana nan da ƙafarsa, yana tsakurar tuwon mutane. Wanzami ma bai rasa aikinsa ba, kowa ya sayi askarsa yana ajiyewa a gida, ranar Juma'a a fito da ita kamar yadda ake fitowa da langa.

Ba zan ce muku allura ta warkar da babanku ba. Ba a ce za ta warkar ba. Abin da na sani shi ne ya ƙara shekaru masu daɗi a tsakaninmu, ya mayar da jikinsa, lokutan sanyi suka zo suka wuce ana ta tari a unguwa shi bai kwanta ba. Ya ga auren autarku. Duk lokacin da allurarsa ta zagayo Alaramma ne yake kai shi, ba buzu. Da wa'adi ya yi, hantar ce dai ta gaji. Alaramma ne ya yi masa wanka, shi ya ja sallarsa. Wannan ɓangaren ba zan iya tsawaita shi ba.

Kuna yi mini faɗa in daina tuƙa tuwo da yawa ni kaɗai a gida. To ku sani, har yau da magariba ina ajiye langar nan a zaure, Alaramma ya yi sallama ya ɗauka. Ana shimfiɗa tabarmar a inda take. In sun gama ya dawo da ita ya ajiye, ya ce Amaryar Akawu, an gode, Allah ya jiƙan Bazazzagi. In na buɗe sai in ga an ci ko'ina, ga ramin Alaramma, ga tsakurar Ɗanjuma. Wajen ɓantaren fentin ne kawai ba wanda yake taɓawa. Ba ni na ce su bari ba, ban kuma taɓa tambayarsu ba.

Wannan gefen shi ne abincin darena.